Tambaya da Amsa: Me ya sa likita ya ƙi sake gwada kakin da na'ura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya yi fiye da mako uku yana tari, ga zazzaɓi da rama. Da muka kai shi asibiti aka sa kakinsa a wata na'ura, a ranar aka ce mana tarin fuka ne. Yanzu ya yi wata biyu yana shan magani, na roƙi likita ya sake gwada shi da na'urar don mu ga ko yana samun sauƙi, amma ya ce da madubin ganin ƙwayoyin cuta za a duba. Shin na'urar ba abin dogaro ba ce, ko kuwa rowa ake yi mana? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba shi lafiya. Likitan bai yi muku rowa ba, kuma dalilinsa yana cikin yadda na'urar take aiki.

Mai yiwuwa na'urar ita ce GeneXpert ta kamfanin Cepheid na Amurka, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2010, ko kuma Truenat ta kamfanin Molbio na Indiya, wadda hukumar ta amince da ita a 2020. Dukkansu ba kallon ƙwayar cutar suke yi ba. Suna fasa ta ne su fitar da sinadarin gadonta, wato DNA, sannan su riƙa ɗumama shi suna sanyaya shi bi da bi, a kowane zagaye adadinsa yana ninkuwa, har ɗan abin da ke cikin kakin ya yawaita yadda na'urar za ta gano shi. A Truenat wannan ninkawar tana faruwa ne a kan wani ɗan faifai da bai wuce tsawon yatsa ba, kuma da yake tana aiki da batir, tana kuma jure zafi har maki 40 a ma'aunin Celsius, ta fi dacewa da asibitocin karkara, yayin da GeneXpert ke buƙatar wutar da ba ta yankewa da ɗaki mai sanyi.

Wajen gano cutar tun farko, a ganina ba a ma haɗa su da madubi. Sai an sami dubban ƙwayoyi a mililita ɗaya ta kaki kafin madubi ya nuna su, shi ya sa yake yawan tsallake yara da masu ɗauke da cutar ƙanjamau. Rainon ƙwayar a ɗakin gwaji kuwa yakan ɗauki makonni, domin ƙwayar tarin fuka tana da jinkirin girma. Na'urar tana ba da amsa cikin awa ɗaya zuwa biyu, tana kuma bayyana ko ƙwayar ta bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan cutar, domin kada a ɗora mara lafiya a kan maganin da ba zai yi masa aiki ba.

To amma na'urar ba ta bambance ƙwaya mai rai da matacciya. Sinadarin gadon ƙwayoyin da magani ya riga ya kashe yakan ci gaba da fitowa a kaki tsawon watanni, kamar yadda sawun dabba ke zama a kan rairayi bayan ta daɗe da wucewa. Da an sake gwada ƙanenki da ita, da alama za ta ce har yanzu cutar tana nan, hankalinku ya tashi a banza. Saboda haka ƙa'ida ita ce a duba kakin da madubi a ƙarshen wata na biyu, da na biyar, da na shida. Idan madubin ya ci gaba da nuna ƙwayoyi, a nan likita zai iya komawa ga na'urar ko raino, domin ya bincika ko bijirewa ta taso.

Ki tsaya masa ya cika wata shidan ko da tarin ya ɗauke. Duk wanda ke tari a gidanku shi ma a kai shi gwaji, musamman yara, domin gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati a Najeriya.