Tambaya da Amsa: Wane irin aji ya kamata mu gina wa kwalejinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina cikin kwamitin da jama'armu ta Zango a Kumasi ta kafa domin gina ƙaramar kwaleji, wadda za ta fara da koyar da aikin malanta da harkar kasuwanci. Fili ya samu, amma kuɗin da muka tara ba su taka kara sun karya ba. Ɗan kwangila ya kawo mana zanen babban ɗakin lacca mai cin mutum 300, gabansa duk gilashi, da na'urar sanyaya ɗaki da allon kwamfuta. Dattawa sun yaba, matasanmu da suka yi jami'a kuma sun ce yayin wannan ya wuce. Wa za mu bi? Daga wani mai karatu a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya dafa muku. Matasanku sun fi kusa da gaskiya, sai dai ni batun yayi bai dame ni ba. Kafin ku sake buɗe zanen nan, kwamiti ya zauna a kan tambaya ɗaya: me ɗalibi zai riƙa yi a cikin ɗakin daga safe zuwa azahar? In sauraro kawai zai yi, zanen ɗan kwangila ya isa. In kuwa wanda za ku yaye malami ne da zai tsaya gaban yara, ko akanta da zai riƙe littafin shago, to dole ya buɗe baki, ya yi kuskure gaban 'yan uwansa, a gyara masa. Kujerun da aka kafe a kan matakala, kowa na kallon ƙeyar na gabansa, ba sa barin a yi haka.

A shekarar 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa a Amurka suka tattara bincike 225 a kan darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci a jami'o'i. Inda ake lacca zalla, kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai ne suka faɗi. Inda ake sa su aiki da muhawara a cikin aji, kusan kashi 22. A lura, salon koyarwa aka auna, gini taimaka masa yake yi ko ya hana shi. Shi ya sa Robert Beichner, malamin fiziks a Jami'ar Jihar North Carolina, ya sake fasalin ɗakin kansa: zagayayyun tebura masu cin mutum 9, rukuni uku na mutum uku-uku, malam yana yawo a tsakani. Wanda ya yi karatun zaure a Zango ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malam na zaune, almajirai sun kewaye shi, kowa ya biya nasa, a gyara masa, saura suna ji.

Amma irin wannan aji yana cin wuri. A ɗakin lacca, murabba'in mita ɗaya kan ishi ɗalibi. A ajin tebura sai an ba shi biyu ko fiye. Wato filin da zai ci mutum 300 a jere, azuzuwa uku zai ba ku na mutum 50-50. Na san abin da dattawa ke hange: tun da aka fara sakandare kyauta a 2017, masu neman gurbin karatu suka yi yawa, kowace makaranta tana neman inda za ta zuba su. To ku yi zaure babba guda ɗaya daga baya, in hali ya samu, amma daɓensa ya zama shimfiɗaɗɗe, kujerunsa na ɗauka. Nan za a yi jarrabawa da bikin yaye ɗalibai, ranar Asabar ma a ba da shi haya.

Batun gilashi da na'urar sanyi ne ya fi tsaya mini a rai. Kumasi tana kusa da tsakiyar duniya, ba ta kai digiri 7 arewa ba. Da tsakar rana, rana tana bisa kai, rufi ne ke shan ta. Da hantsi da la'asar kuwa bangon gabas da na yamma take duka kai tsaye. Don haka dogayen bangayen gini, masu tagogi, su fuskanci kudu da arewa, rufi ya zarce bango sosai, a yi baranda. Tagogi su kasance a ɓangarori biyu suna kallon juna, domin mafi yawan shekara iskarmu daga kudu maso yamma take kaɗowa, tana son ta shiga nan ta fita can. Su zama masu rufuwa saboda ƙurar hunturu. A ɗaga silin, a sa fanka. Gilashin da ke kallon yamma kuwa zafi yake tarawa, sai ku biya kuɗin wuta kowane wata domin fitar da zafin da ku da kanku kuka gayyato. Kuma duk wanda ya ga dumso, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki na 2015, ya san yadda rufaffen ɗaki ke komawa in wuta ta ɗauke. Wani abin da ba a cika faɗa ba: na'urar sanyin da ake maƙalawa a bango iskar cikin ɗakin take juyawa, ba ta kawo sabuwa. Mutum da yawa, ƙofa a rufe, numfashi ya taru, sai ka ga ana gyangyaɗi alhali ɗakin da sanyi. Ku bar na'urar ga ɗakin kwamfutoci.

Ba sai kun je nesa neman misali ba. Ku ɗebi dattawan ku kai su KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, da misalin ƙarfe biyu na rana. Makarantar ta fara aiki a 1952 da sunan Kumasi College of Technology, kuma tsofaffin gine-ginenta na shekarun 1950 da 1960 an zana su ne da lissafin rana da iska. Unity Hall, masaukin ɗalibai wanda John Owusu-Addo yana cikin waɗanda suka zana shi, na wannan zamani ne. Su tsaya a baranda, su duba bulo mai huda da faffaɗan rufi, su ji da fatarsu.

Sai sauti, wanda kusan kullum ake mantawa da shi har sai an buɗe makaranta. Tayil a ƙasa, siminti a bango, gilashi a gaba: murya ta yi ta amsa-kuwwa. Ƙa'idar da ake bi a ƙaramin aji ita ce sauti ya mutu cikin kusan daƙiƙa 0.6. Shiga ɗakin da babu kowa ka tafa sau ɗaya; in ka ji tafin yana jan wutsiya, da gyara. Wannan ya fi shafar yaranmu, domin da Turanci ake koyarwa, su kuwa da Hausa ko Twi ko Dagbani suka tashi, kuma amsa-kuwwa ƙarshen kalmomi take haɗiyewa. Silin mai shan sauti da allunan katako masu taushi a bango suna magance mafi yawa. A sa abin tare zafi da ƙara a ƙarƙashin kwano, in ba haka ba ruwan watan Yuni ya sauko, darasi ya tsaya. Azuzuwa su yi nesa da titi da hon ɗin trotro, wato motocin haya. Ofisoshi su tare gaba.

Allon kwamfuta ba laifi ba ne, amma ku yi lissafi. Mai inci 86 tsayinsa mita ɗaya da 'yan kai, kuma rubutu ba ya karantuwa da kyau in mutum ya wuce ninki shida na tsayin allo, wato kusan mita shida da rabi. A ɗakin mutum 300, na gaba kaɗai aka saya wa. Kuɗinsa ya fi amfani a farin allo a kowane bango, da soket kusa da kowane tebur, da intanet mai ƙarfi, da sola wadda za ta riƙe fitilu da fankoki.

Akwai kuma wurin da ba aji ba, wanda a ganina ya fi muhimmanci ga ɗan Zango. Yarinyar da ta fito daga gidan haya mai ɗaki ɗaya, ga ƙanne ga talabijin, ba ta da inda za ta buɗe littafi in ta koma. Ku faɗaɗa baranda ku sa benci da tebur da soket, ku bar itatuwan da ke filin, laburare ya kai dare a buɗe. Wurin alwala da salla, na maza da na mata, ya kasance kusa da azuzuwa, kada a tura shi bayan janareta. A ware ɗan ɗaki ga masu shayarwa, domin cikin masu neman aikin malanta matan aure ba su da kaɗan.

Ta fuskar doka, dokar naƙasassu ta 2006 ta wajabta gine-ginen jama'a su shigu ga kowa. Gangaren keken guragu kada ya wuce tashin mita ɗaya a cikin mita 12. Hukumar GTEC, wadda aka kafa a 2020, ita ke ba manyan makarantu izini, don haka ku karɓi sharuɗɗanta kafin a haƙa harsashi. Zanen kuma ya fito daga hannun mai zanen gini mai rajista, wanda ba shi ne zai yi kwangilar ba.

Kafin ku kashe ko sidi ɗaya a kan kujeru, ku ari aji, ku sa kafintocin Sokoban su yi muku tebur biyu ko uku na gwaji, masu cin mutum shida, waɗanda mutum biyu za su iya ɗagawa. Ku kira malaman da za ku ɗauka su koyar a kai na 'yan makonni. In kun dawo kun tarar sun jera teburan sahu-sahu suna fuskantar allo, ku ware wani abu daga kuɗin ginin domin horar da su.