Ɓerayen gwaji: ka tura kafin alƙalami, ina takardar izini?

Tambaya: Shekara tara ke nan ina sayar wa ɗakunan gwaje-gwaje kayan aiki, irin su safar hannu da kwalabe da sinadarai. Masu bincike sun sha yi mini kukan cewa ba sa samun fararen ɓeraye masu kyau. Sai na nemo wani kamfani a ƙasar waje, na yi odar guda 300, na biya rabin kuɗin. Ƙanin matata yana aikin fito da kaya a filin jirgin sama, ya ce kada takardu su dame ni, da zarar sun sauka shi zai karɓo su. Niyyata in sayar da 200, in ajiye 100 su hayayyafa, in jari ya yi ƙarfi in koma shigo da birai, don na ji can kuɗi suke. In ci rance in ninka odar tun yanzu?

Amsa: Malam, ajiye maganar rance tukuna. Sau biyu na karanta wasiƙarka ina neman inda za ka ce ga takardar izinin shigo da dabbobi a hannunka, ban gani ba. Abin da na gani kawai shi ne "ƙanin matata ya ce". A kan wannan magana ta fatar baki ka tura rabin kuɗi, yanzu kuma kana son ɗora bashi a kanta.

Ban ce surukinka mayaudari ne ba. Na tabbata ya sha fito maka da kwalayen safar hannu ba tare da tangarɗa ba, shi ya sa ka saki jiki. Amma kwalin safar hannu zai yi wata guda a sito ana ja-in-ja da kwastam, iyakacinsa kuɗin ajiya ya hau kanka. Ɓera kuwa rai ne da shi, kuma ruwan da aka sa masa a akwati na kwanaki kaɗan ne. Sannan wanda ke da iko a kan dabba mai rai a bakin iyaka shi ne likitan dabbobi na gwamnati, mai kula da killacewa. Sai ya sa hannu kwastam ke sakin kaya. Surukinka ya san mutanen kwastam, na yarda. Ka tambaye shi sunan ofishin da ke ba da izinin shigo da dabbobi, da tsawon lokacin da takardar ke ɗauka kafin ta fito. In ya fara sosa ƙeya, ka samu amsarka.

Kusan ko'ina a duniya tsarin ɗaya ne, kuma a jere yake, ba a tsallake mataki. Izinin ƙasarka ne ke fara fitowa, a cikinsa aka rubuta sharuɗɗan lafiya da ake buƙata. Da wannan takarda likitan gwamnatin ƙasar da dabbobin za su baro zai rubuta shaidar lafiyarsu, tana amsa sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. Ita shaidar lafiyar wa'adinta gajere ne, sau da yawa kwana goma kafin tashi. To ka ga abin da surukinka ya ce za a gyara bayan kaya sun sauka, abu ne da ya kamata a gama tun ɓerayen ba su shiga akwati ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kaya suka sauka babu izini, abu uku jami'i ke da su a gabansa: ya tsare, ya mayar inda suka fito, ko ya sa a kashe su. Ko wanne ya zaɓa, kai za ka biya kuɗinsa.

Wani abu ma ya sa ni shakkar kamfanin da ka samu. Manyan masu kiwon ɓerayen gwaji, irin su Jackson Laboratory da Charles River a Amurka, sun saba da tambayar wace cibiya ce za ta karɓi dabbobin da kuma wane likita ne ke kula da wurin. Kamfanin da ya karɓi rabin kuɗinka bai tambaye ka izini ba, bai tambaye ka inda za ka ajiye su ba, ko dai bai san aikinsa ba ko kuma kuɗin ne kaɗai damuwarsa.

Na taɓa zama da wani mutum da ya yi irin naka, shi ma da wani nasa a filin jirgi. Nasa kayan sun sauka da daddare a ƙarshen mako, takarda ɗaya babu. Aka tura akwatunan sito. Mutumin nasa, don tausayi da son ya taimaka, ya lallaɓa ya buɗe murafen ya zuba musu ruwa, ya kuma buga waya yana murna cewa ko ɗaya bai mutu ba. Kwana huɗu bayan haka aka saki kayan. Cibiyar da ta yi odar ta duba ta ga an karya hatimin akwatunan, ta ce ba za ta karɓi ko ɗaya ba. Mutumin ya zo wurina yana cewa an zalunce shi, ga ɓeraye lafiya lau suna tsalle. Na ce masa da ni ne shugaban cibiyar nan, ni ma abin da zan yi ke nan.

Dalili kuwa shi ne, mai bincike ba farin gashi da jan ido yake saya ba. Yana sayen tabbacin cewa wannan ɓeran iri kaza ne, misali BALB/c ko C57BL/6, an haife shi mako kaza, kuma rahoton gwaji ya nuna babu ƙwayoyin cuta kaza da kaza a ɗakin da ya fito. Akwatin jigilarsu yana da matatar iska don wannan tabbacin ya iso yadda ya taso. Da an buɗe shi a sito, rahoton lafiyar ya zama takardar banza, domin ba wanda ya san abin da ya shiga. Ƙwayar cuta ɗaya in ta shiga ɗakin dabbobin wata cibiya, tana iya ɓata aikin shekaru. Mujallun kimiyya kuma suna tambayar mai bincike iri da jinsi da shekarun dabbobinsa da inda ya samo su. Ba zai rubuta cewa a wurin mai sayar masa da kwalabe ya saya ba.

Har shekarun ma haja ne. Mai bincike yakan ce ɓera mai mako shida zuwa takwas yake so. In takarda ta jinkirta maka da mako uku, ɓerayen suna nan da ransu, suna cin abincinka, amma sun wuce ƙa'idar aikinsa. Wannan irin asarar ba ka saba da ita ba a sayar da sinadarai.

Kada ka ɗauka gwamnatoci neman wahalar da ɗan kasuwa suke yi. Da gawa aka rubuta waɗannan dokoki. A 1967 birai da aka kai Turai daga Uganda suka sa wa ma'aikatan ɗakunan gwaji cuta a Marburg da Frankfurt na Jamus da kuma Belgrade; mutum 31 suka kamu, bakwai suka mutu, cutar ta ci sunan Marburg har yau. A 1989 aka gano wani nau'in Ebola a birai da aka kai Reston a jihar Virginia daga Filifin; Allah ya sa bai kwantar da mutane ba, amma sai da aka kashe biran wurin. A 2003 aka shigar da ƙananan dabbobi daga Ghana zuwa Texas, har da gafiya, suka yaɗa ƙyandar biri ga wasu dabbobi masu kama da kurege da Amurkawa ke ajiyewa a gida, mutum 47 suka kamu. A watan Yunin shekarar Amurka ta haramta shigo da dangin ɓeraye daga Afirka baki ɗaya. Jami'in da ke gabanka ya san waɗannan labarai, kuma ya san in wani abu ya ɓarke sa hannunsa za a fara nema. Zumuncinsa da surukinka bai kai nan ba.

Kamfanin jirgi ma yana da nasa littafin. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA tana fitar da ƙa'idojin ɗaukar dabbobi masu rai duk shekara: irin akwati, yawan dabba a ciki, hanyar iska, alamun da za a manna, da takardar da mai aikawa zai sa wa hannu. Jirage da yawa ba sa ɗaukar dabbobin gwaji sam, wasu kuma sukan dakatar idan zafi ya yi yawa. A ƙaramar oda, kuɗin akwatuna da jirgi da likita da mota mai sanyi yakan kai kuɗin dabbobin, wani lokaci ya fi. Ban ga wannan a lissafinka ba. Idan kuma akwai waɗanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta a cikin odar, an ƙara maka wata ƙofa, ta hukumar da ke kula da irin waɗannan halittu, a ƙarƙashin yarjejeniyar Cartagena ta 2000.

Maganar kiwo ba zan daɗe a kanta ba. Na san lissafin da ka yi: ɓera tana haihuwa bayan kwana ashirin, 'ya'ya shida ko takwas, a yaye su a mako uku, kafin shekara guda, ɓeraye ɗari sun zama dubbai. Kowa ya yi wannan lissafin a takarda sai ya ga ya zama attajiri. Manyan kamfanonin kiwo suna rubuta a sharuɗɗan cinikinsu cewa ba a yarda mai saye ya hayayyafa dabbobin don sayarwa ba. Ko da an yarda, ɗaki mai tsayayyen sanyi da haske dare da rana, da tataccen abinci, da gwajin lafiya a kai a kai, da littafin da ke nuna wa ya haifi wa, su ne jarin. Babu su, jikokin ɓerayenka fararen ɓeraye ne kawai.

Birai kuwa, Malam, kallon kitse kake yi wa rogo. Gaskiya ne farashinsu ya tashi. Da Sin ta dakatar da fitar da su a farkon 2020, biri ɗaya ya tashi daga 'yan dubban daloli zuwa sama da dala 20,000. Wanda ya gaya maka wannan bai gaya maka sauran ba. Kowane biri a duniya yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ba ya ƙetare iyaka sai da takardarta. Indiya ta hana fitar da nata tun 1978. A Amurka sai wanda hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta yi wa rajista ke shigo da su, kuma sai an killace su aƙalla kwana 31 a wurin da hukumar ta amince da shi. A 2022 aka sa biri mai dogon wutsiya, wanda aka fi amfani da shi a gwaji, cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. A Nuwamban shekarar masu gabatar da ƙara a Amurka suka tuhumi wasu jami'an Kambodiya da 'yan kasuwa da sayar da biran daji da takardun da ke cewa na kiwo ne. An wanke jami'in da aka gurfanar a 2024, amma kafin nan kamfanoni masu lauyoyi rututu sun ga biransu sun maƙale. Kenya Airways ta ce ta daina ɗaukar su bayan motar da ke jigilar birai ɗari ta yi hatsari a Pennsylvania a Janairun 2022, Air France ita ma ta sanar da dainawa a shekarar. Wannan ce kasuwar da kake son shiga da ribar ɓera ɗari biyu.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. Yau ɗin nan zan rubuta wa kamfanin cewa kada su sa ranar lodi. Zan karanta takardar cinikin in ga abin da ta ce a kan mayar da kafin alƙalami, in har akwai takardar. Ba ka ambace ta ba, kuma hakan ya dame ni. Daga nan in tafi da ƙafata ofishin likitocin dabbobi mai ba da izini, ba aike ba, in karɓo sharuɗɗansu a rubuce. Sannan in koma wurin masu binciken da suka yi mini kuka, in ce wanda ke so da gaske ya kawo oda a kan takardar cibiyarsa, da amincewar kwamitin da ke duba amfani da dabbobi a bincikensu, da iri da jinsi da shekarun da yake so. Ina kyautata zaton a cikin masu kuka goma, biyu ko uku ne za su dawo. Adadin da suka rubuta shi ne odarka, ko da arba'in ne.

Mafi sauƙi ma, cibiyar ta zama ita ce mai shigowa da sunanta, tunda ita ke da ɗakin killacewa da likita, kai ka tsaya a matsayin mai haɗa ciniki da jigila, ka karɓi la'adarka. Ribar ba ta kai wadda kake mafarki ba, amma in akwati ya maƙale ba uwar kuɗinka ce a ciki ba. Kuma a shekara taran nan ka zauna kusa da wata kasuwa ba ka lura ba: duk cibiyar da ke ajiye dabbobi tana sayen keji da kwalaben ruwa da shimfiɗa da abinci kowane wata, kuma babu ɗaya cikinsu da ke mutuwa a sito.

Shi kuma surukinka, ba sai an ɓata ba. Ranar da takardu suka cika, ka ba shi kwafinsu kwana biyu kafin jirgi ya sauka, ka zaɓi jirgin da zai iso ranar aiki da safe, ka ce ya tsaya a kan a saki kayan da wuri a kai su motar. Ka kuma ja masa kunne sosai kada kowa ya taɓa murfin akwatin.