Kafin ka taɓa katakon fuskar jita

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa tun da ka zo koyon haɗa jita ba na ba ka komai sai wasa kurfi da fiƙe guntayen katako, alhali ga injin gogewa a shagon maƙwabta yana cinye aikin yini cikin ɗan lokaci. Tambayarka tana kan hanya, to saurara.

Muryar jita a fuskarta take, wato allon da tsirkiya ke zaune a kai. Antonio de Torres, mutumin Almeriya ta ƙasar Sifen, wanda masu haɗa jita ke bin fasalinsa har yau, ya haɗa wata a 1862, ya yi bayanta da gefenta da kwali, fuskar kaɗai ya yi da itacen kirki, don a ji inda sautin yake fitowa. Wannan allon kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, amma tsirkiya shida na roba suna jan sa da nauyin kusan kilo 40 dare da rana, na ƙarfe kuwa sun kai kusan 70. Itacen sufurus ne, daga ƙasashen sanyi ake kawo shi da tsada. In hannunka ya zarce sau ɗaya, shi ke nan, ba a mayar da abin da aka fiƙe.

Kuma ba allo ɗaya ba ne. Falle biyu ake tsagowa daga gungume guda, a buɗe su kamar littafi, a manna su a tsakiya. Kafin a shafa gam, sai ka haɗa bakin biyun ka ɗaga su wajen taga. In haske ya ratso, ko da siririn gashi ne, ba su haɗu ba. Gam ba ya toshe wannan kafa, sanfefa kuma ba ta gyara ta, sai ma ta cinye gefen ta ƙara ɓata shi. Filen mai kaifi, wato abin fiƙe katako da ake turawa da hannu, shi ne kawai ke miƙar da bakin nan, a hannun wanda ya san inda zai danna: a farkon tafiya nauyinka a gaba, a ƙarshe nauyinka a baya, in ba haka ba sai ka yi wa katakon doro.

Shi ya sa nake tsare ka a kan dutsen washi. Na lura kana ta goga bakin kurfi kana barin bayansa. Bayan ake fara shimfiɗewa a kan dutse har ya yi sumul yana ƙyalli, sannan a juya a wasa bakin, a riƙe shi a karkace wajen digiri 25 zuwa 30 ba tare da hannu yana lilo ba. Ka ci gaba har sai ka shafa baya da yatsa ka ji ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya tashi daga wannan gefe zuwa wancan. In bai tashi ba, ba ka kai baki ba tukuna. Kada ka gwada kaifi da aske gashin hannu. Yanki kan katako mai taushi, wurin da aka datse shi. Mai kaifi zai bar wurin yana sheƙi, dakusasshe zai murƙushe shi ya yi fari.

Guntayen madaci da nake ba ka ma ba na raini ba ne. Dangin madacin nan namu ake fita da su Turai da Amurka ana yin wuyan jita da bayanta. Jijiyarsa a sarƙe take, wani layi ya nufi gabas, na kusa da shi ya nufi yamma, ko ta ina ka turo filen sai wani wuri ya ɓantale. A nan za ka koyi rage bakin filen, da lokacin da za ka ajiye shi ka ɗauki ƙarfen kankara. Wanda madaci ya horar, sufurus ba zai ba shi wahala ba.

Inji kuwa ba na gaba da shi. Tsaga manyan katakai aikinsa ne, mu ma can muke kai namu. Sai dai inji lamba ya sani, kowane allo kauri ɗaya zai ba shi, alhali wani mai tauri ne, wani mai laushi. Da hannu kana fiƙewa kana tsayawa, ka lanƙwasa allon kaɗan ka ji ƙarfinsa, ka riƙe shi kusa da kunne ka ƙwanƙwasa, ka ji ko ya fara amsawa.

Gobe in Allah ya kai mu, ɗauki falle biyu na katako mai arha, ka miƙe bakinsu, ka kawo mini mu ɗaga a taga. Ranar da haske ya ƙi ratsowa, zan sa ka sassaƙa ƙananan sandunan da ake mannawa a ƙarƙashin fuska. Manna su kuma sai iska ta bushe, don abin da aka manna da damina, hunturu na zuwa yake tsagewa.