Me ya haɗa gajartar rana da marainan ɓera?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, rannan a lacca malaminmu ya ce wai akwai ɓerayen da marainansu ke motsewa in rana ta gajarta, wallahi duk ajin dariya muka kwashe da ita. Da gaske ne ko barkwanci yake? Kuma ɓeran da ke cikin rami ina ya san tsawon rana?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanina. Malaminku gaskiya ya faɗa muku, sai dai ba kowane ɓera ba. Wanda aka fi gwaji da shi shi ne hamsta ta Siriya, ɗan'uwan ɓera ne mai guntun wutsiya. Namijin in hasken da yake samu a yini ya gaza awa 12 da rabi, cikin kamar sati 10 marainan sun motse, maniyyi ya tsaya, sha'awar barbara ta tafi.

To abin mamakin, dare jikin yake aunawa. Ido ne ke kai labarin haske ga agogon da ke cikin ƙwaƙwalwa, shi kuma ya miƙa wa wani ɗan ƙullutu da ake kira fainiyal, wanda ba ya fitar da sinadarin melatonin sai cikin duhu, kenan in dare ya yi tsawo melatonin zai daɗe yana yawo a jini, wannan daɗewar ita ce saƙon, sai ƙwaƙwalwa ta rage sinadaran LH da FSH masu zaburar da maraina, testostiron, wato sinadarin mazantaka, ya yi ƙasa. A 1965 Hoffman da Reiter a Amurka suka cire wa hamsta fainiyal ɗin suka bar su cikin gajeren haske, marainan ko gezau.

Me ya sa ba ya dogara da sanyi kawai? Ai sanyi na iya ruɗar dabba, yau ɗumi gobe ɗari, amma tsawon rana ba ya saɓa alkawari duk shekara. Haihuwa a tsakiyar hunturu kuwa asara ce, ba abinci, 'ya'yan mutuwa za su yi.

Inda ya fi burge ni, ko ka ci gaba da ajiye shi a gajeren haske, bayan wata biyar ko makamancin haka jikin sai ya daina sauraron melatonin ɗin, marainan su dawo da kansu. Yana can cikin rami bai ga rana ba amma ya gama shiri kafin ɗumi ya shigo, ka ga amsar tambayarka ta biyu kenan.

Ɓeran gida dai bai cika damuwa da wannan lissafi ba, in akwai abinci haihuwa yake duk shekara. Haka ɓerayen yankunan da rana da dare kusan kai ɗaya suke, su ruwan sama da abinci ne suka fi juya su.