Amsa ga mai tambaya kan aikin haɗa taragu a reluwe

Salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a wannan aiki da ka samu. Ka ce an tura ka wajen haɗa taragu da sauya musu layi, kana tambaya me za ka fi kiyayewa.

To ni dai abin da na fi ji maka tsoro tarago ne wanda aka tunkuɗo shi kaɗai ba kan jirgi, don shi ba ya hon, ba ƙarar inji, sulalowa kawai yake, kuma abu ne mai nauyin tan da yawa, kafin ka waiga ya iso. Shi ya sa ko layi ya yi shiru ka ɗauka akwai abin da ke tafe, ka duba hagu da dama. Kar ka kuskura ka shiga tsakanin taragu biyu sai direba ya faɗa maka da bakinsa ta oba-oba cewa ya tsaya ya ja birki, ɗaga hannu daga nesa bai isa ba wallahi. Taragon da za a bari a ajiye kuwa a ɗaure masa birkin hannu a sa weji.

Sannan kar ka taka saman ƙarfen layin, tsallake shi, don raɓa da mai na sa shi santsi. Wurin da layi ke rabuwa ma kar ka zura ƙafa, in aka juya shi matse takalmi yake. Ratsawa ta ƙarƙashin tarago babu ita sam, zagaya ka bar tazara.

Babbar riga da silifas a bar su gida don Allah, sa but da riga mai ƙyalli, da dare ka riƙe tocila. Waya kuma ta zauna a aljihu har ka fita daga layi.