Babban babur da hawan Hada: amsa ga wani matashi daga Makka

Tambaya: Salamu alaikum, Baba. Shekarata 21, a Makka aka haife ni, ina aiki a wani shago a Jidda. Na iya babur tun ina yaro, a kan Boxer ɗin kawuna na koya duk lokacin da muka je gida Kano. Shekara biyu ina tara kuɗi, yanzu na samu Yamaha R1 na hannu da araha. Abokaina suna hawan Hada, hanyar dutsen da ke tsakanin Makka da Ɗa'if, kowace safiyar Juma'a, ina so in shiga cikinsu. Wani ya ce gara in je ranar tirak, ni kuma ban san me ake yi a can ba. Umma ta ce in dai abin hawa nake so in sayi keke, amma ban da dabbab, wato babur. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka bar R1 ɗin nan inda yake. Da wannan na fara don kada ka karanta rabin amsar ka tafi ka ba da kafin alƙalami. Sha'awar babur ba laifi ba ce. Na haura shekara 20 ina hawa, da gyaransa kuma nake ciyar da iyalina a nan Jidda, saboda haka ba daga bakin mai ƙin abin kake jin wannan magana ba.

Boxer ɗin kawunka ƙarfinsa bai wuce na doki 8 ba. R1 yana da wajen 200, nauyinsa kuma wajen kilo 200 ne kawai. A giyar farko kaɗai zai kai ka kilomita 140 a awa, wanda shi ne iyakar gudun da doka ta yarda da shi a manyan hanyoyin ƙasar nan, ga sauran giya biyar suna jira. Na san za ka ce a hankali za ka riƙa tafiya, kuma na yarda da niyyarka. Matsalar tana wuyan hannu. Ka faɗa ɗan rami, ko mota ta razana ka, hannu ya murɗa totur ba da saninka ba. A kan Boxer ƙara kawai za ka ji. A kan R1 tayar gaba ce za ta tashi, ko ta baya ta zame, kafin ka gane abin da ya faru. Shi ya sa a Turai matashi irinka ba a ba shi lasisin babban babur kai tsaye. Sai ya shekara biyu a kan wanda bai wuce ƙarfin doki 47 ba. Kuɗin da ka tara ka nemi Kawasaki Ninja 400 ko Yamaha R3 da su, masu ƙarfin doki 40 da 'yan kai, kuma lallai mai birkin ABS, wanda ke hana taya ƙamewa idan ka damƙe birki a firgice. Ragowar kuɗin na kayan kariya ne.

Arahar ma abin tsoro ce, don araha ba ta ado. Babban babur da aka karyar da kuɗinsa yawanci ya taɓa shan ƙasa. Duk wanda za ka saya, ka tafi da bakanike ya duba ko ƙafafun gaba sun lanƙwashe, ka tabbatar istimara, wato takardar rajistar babur, ba ta mutu ba. Ka kuma karanta lambobi huɗu na ƙarshe a jikin taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta shekara biyar a zafin Jidda ta bushe ko da zanenta bai cinye ba.

Yanzu Hada. Ban ga laifin mai son hanyar nan ba. Ka taso daga zafin Makka, ƙasa da mita 300 daga doron teku, ka hau dutsen Kara kwana bayan kwana har kusan mita 2,000, iska ta sauya, ka sha shayi a sama ka gangaro. Duk mai babur a Hijaz ya san daɗinta. Amma hanyar jama'a ce. Bayan kwanar da ba ka ganin ƙarshenta akwai mai iyali da ya taka birki don yara su kalli birai. Akwai tsakuwar da ruwan jiya ya gangaro da ita, akwai hazon da ke sa hukuma rufe hanyar ɗungurum wasu ranaku. A gefe kuma shinge ne na ƙarfe da kankare, wanda aka yi don tare mota. Jikin mutum idan ya same shi babu sauƙi. A gudun kilomita 100, kowace daƙiƙa kana cin mita 28. Kafin idonka ya ga motar, hannunka ya kai ga birki, ka riga ka ci tsawon motoci biyar ko shida. Idan kuma ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkuwa.

Abin da ya fi kayar da sababbi a tawaga shi ne kunya. Na gaba ya shekara goma yana hawa, ya shiga kwana da gudun da ya saba, kai kuma ba ka so a ce an bar ka a baya. Ka shiga da gudunsa, tsakiyar kwana ka ga kamar ba za ta ɗauke ka ba, sai idonka ya kafe a kan shinge. Babur kuwa inda ido ya kalla nan yake zuwa. Wanda ya koya, a daidai wannan lokacin yake juya kansa ya kalli mafitar kwana, ya ƙara tura hannun babur na ɓangaren da yake son kwanciya. Da yawa ba su san haka ake juya babur ba: idan kana cikin gudu, hannun dama kake turawa gaba don ka yi dama. Jikinka ya san wannan tun kan Boxer, amma sai ka koye shi da sani kafin ya amfane ka ranar firgici. Wurin koyonsa kuwa shi ne abin da abokinka ya faɗa maka, kuma wannan abokin ka riƙe shi.

Ranar tirak ba tsere ba ce. Rana ce da ake buɗe filin tsere ga masu sha'awa, kowa ya biya ya shigo da babur ɗinsa. Da safe a duba babur: taya, birki, sarƙa, ko mai yana zuba. A liƙe madubi da fitilu da tef, ko a cire madubin, domin a fili ba ruwanka da na bayanka, nauyin wucewa lafiya a kan mai wucewa yake. Sai a tara ku a yi bayanin tutoci. Rawaya, akwai haɗari a gaba, rage gudu, babu wuce kowa. Ja, an tsayar da zagaye, kowa ya koma. Baƙa, kai ake kira ka fito. A raba mutane rukuni-rukuni gwargwadon ƙwarewa, kowane rukuni ya shiga na minti 15 zuwa 20 ya fito ya huta, zagayen farko na sababbi kuma malami ne a gaba suna bin layinsa. Kowa hanya ɗaya ya nufa, ba mota, ba mai tsallaka titi, motar asibiti tana tsaye a gefe. Mafi girman amfaninsa shi ne maimaici. Kwana ɗaya za ka shige ta sau 30 ko 40 a yini guda, kowane zagaye ka gyara abu ɗaya: inda ka fara birki, inda ka kalla, inda ka buɗe totur. A Hada sau ɗaya kake ganin kowace kwana a mako, kuma ba ka san abin da ke bayanta ba. A fili ne za ka ga mai Ninja 400 da ya iya ya wuce mai babban babur 1000cc irin R1 a kwana, daga ranar kuma R1 zai rage shiga mafarkinka.

Kada ka sa rai da filin Kornish na Jidda, inda aka fara tseren Formula 1 a Disambar 2021. Tsawonsa kilomita 6.174 ne, kwana 27, amma bango yana dab da kwalta kusan ko'ina, domin motoci aka yi shi. Filin babur yana buƙatar sarari da tsakuwa a wajen kowace kwana, inda wanda ya faɗi zai silale har ya tsaya. A cikin ƙasa, wajen Riyad za ka nufa, inda akwai filin Dirab. A maƙwabta akwai Sakhir a Bahrain, wanda aka buɗe a 2004, ana shiga ta gadar Sarki Fahad mai kilomita 25. Akwai Lusail a Ƙatar inda ake tseren MotoGP, gasar babura ta duniya, tun 2004, da Dubai Autodrome. Tafiya ce mai nisa da tsada, daga Jidda zuwa gadar ya haura kilomita 1,300, mai iƙama, wato takardar izinin zama, kuma sai ya yi huruj da auda, bizar fita da dawowa. Ka kuma sani inshorar titi yawanci ba ta biyan ɓarnar da aka yi a fili. Duk da haka, zuwa biyu a shekara ya fi Juma'a hamsin a bayan abokai.

Ba za a bar ka ka shiga fili ba sai da hular kwano mai rufe haɓa, rigar fata daga wuya zuwa idon sawu, abin kare gadon baya, safar hannu mai tsawo da takalmi mai rufe ƙwauri. Hular ka nemi mai tambarin inganci na ECE 22.06, sabuwa, kada ka sayi ta hannu, don wadda ta taɓa bugun ƙasa ta gama aikinta ko ba a ga tsaga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawo lissafin cewa hula tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, raunin kai da kashi 69. A titi ma ka riƙe wannan ƙa'ida. Na taɓa faɗuwa a wani shataletale a Jidda, gudun bai kai 40 ba, yashi ne kawai a kan kwalta. Silifa ce a ƙafata, hannuna babu safa. Wata biyu ban riƙe sifana ba, kuma da hannun nake neman abinci. Jallabiya ma ba kayan babur ba ce, na ga wadda sarƙa ta naɗe. Zafi ba hujja ba ne: idan iska ta wuce digiri 34 ko 35, ta fi fatarka zafi, ƙara maka zafi take yi. Riga mai raga da sulke a kafaɗa da gwiwar hannu ta fi barin jiki a buɗe. Ka fita bayan Asuba, ka dawo kafin rana ta take, ka sha ruwa tun ba ka ji ƙishi ba.

Lasisin mota ba ya wakiltar na babur, ka yi nasa daban, da lamba da inshora. Tarar tukin ganganci da ake kira tafhit daga riyal 20,000 take farawa, ta kai 60,000 a karo na uku. Mu da muke zaune da iƙama mun fi kowa bukatar takardunmu su zauna da tsabta a Absher, manhajar hukuma.

Maganar keke da Umma ta yi, kada ka ɗauke ta raini. Manyan 'yan tseren babur da keke suke horo. Aleix Espargaró, wanda ya bar tseren MotoGP na dindindin a ƙarshen 2024, ya shahara da shi. Minti 20 a fili aikin cinya ne da numfashi, wanda ya gaji kuma shi ke kuskure. Keke yana koya maka kallon nesa, da lallaɓa birkin gaba, da karanta direbobin Jidda a gudun da kuskure bai cika kisa ba. Akwai hanyar keke a gaɓar teku ta Kornish, da safe cike take da mutane. Ni da kaina kwana uku a mako a can nake.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ka sayi babur ka ɓoye a gidan aboki a Jidda. Umma ba don ta tauye ka ta hana ba, ta ga gawarwakin 'ya'yan mutane ne ana sallatarsu a Harami. Ka sayi keken da ta ce, ka yi wata shida a kansa, ka yi lasisi a cikin wannan lokacin. Sannan ka sami kawunka ko wani babba da take jin maganarsa, ku zauna da ita, ka nuna mata hular da rigar da ƙaramin babur ɗin da kake nufi, ka gaya mata gudu a fili kaɗai za ka yi shi, inda akwai malami da motar asibiti. Idan ta amince, ka hau da albarkarta. Idan ta ce tukuna, ka ci gaba da keken, ka sake komawa bayan wata shida.