Daga Makka zuwa Madina: a ina za mu tsaya tsintar duwatsu?

Tambaya: Ni mazaunin Shara Mansur ne a Makka. Ɗana mai shekara 12 ya kamu da son tara duwatsu, har ya cika kwali biyu. In an yi hutu za mu je Madina a mota. A ina za mu tsaya ya samu masu kyau, kuma ba laifi a ɗauka?

Amsa: Malam, Allah Ya yi wa yaron albarka. In kana da kwana biyu, bar titin Hijira, wato babbar hanyar Makka zuwa Madina, sai a dawowa. Ka hau Ɗa'ifa, ka ɗauki hanyar Riyad, ka ratse zuwa ramin Wahba, daga nan ka yi arewa ta Mahduz Zahab ka faɗa Madina. Ta fi nisa, amma ƙasar za ta sauya muku launi sau uku, kuma launin ƙasa shi ne abin da mai neman dutse ke fara karantawa.

Hawan Hada, wanda za ku bi daga Makka zuwa Ɗa'ifa, tsohon dutse ne mai ruwan toka da ja-ja, irin wanda ake yankawa a yi daɓen gini. Cikinsa za ku ga farin layi ya ratsa kamar jijiya. Wannan shi ne dutsen ƙanƙara, Larabawa na ce masa maru. Kada ka tsaya a kan kwanar hawan, motoci ba sa raga wa kowa a wurin. Jira sai kun sauka fili, ka nemi busasshen kwari. Nan ne sirrin: ruwa ya riga ya yi muku aikin, ya farfaso duwatsun tsaunukan da ke kewaye ya jibge su wuri guda. Ku duba cikin lanƙwasar kwarin da bayan manyan duwatsu, da sassafe, lokacin da rana ke kwance tana sa ƙyalli ya fito. Ku zo da gorar ruwa, don dutse ba ya nuna ainihin launinsa sai ya jiƙa. Amma da kun ga hadari, ko daga nesa ne, ku fita daga kwarin. Wanda ya ga ambaliyar Jidda ta 2009 ba sai an yi masa bayani ba.

Wahba tana da nisan kusan kilomita 250 daga Ɗa'ifa, a yankin Harrat Kishb (harrat shi ne filin baƙin dutsen aman wuta). Rami ne da ya fashe sa'ad da narkakken dutse ya haɗu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, faɗinsa kusan kilomita 2, gindinsa fari fat da gishiri. Ku kalla daga sama kawai, sauka da yaro ganganci ne. Abin nema a wannan yankin shi ne baƙin dutse mai ɗauke da dunƙulen ƙwayoyi irin na sukari, kore shar. Zabarjadi ke nan, aman wuta ne ya ɗebo shi daga can ƙarƙashin ƙasa. Yawanci ƙanana ne, ba na zobe ba, amma a ganina ya fi duk abin da zai tsinta a tafiyar daraja.

Mahduz Zahab kuwa mahaƙar zinariya ce mai aiki, a killace take, wucewa za ku yi. In ya tsinci wani abu mai ƙyallin rawaya a hanya, ku buga masa guduma. Zinariya lotsewa take yi, wanda ya marmashe kuwa shi ne zahabul mugaffalin, wato zinariyar wawaye, ba ta gaske ba ce.

A dawowa titin Hijira zai bi da ku ta gefen Harrat Rahat, wadda ta yi aman wuta kusa da Madina a shekarar 654 Hijira, wato 1256. Akwai baƙin dutse mai huji-huji marar nauyi birjik.

Batun laifi: ma'adinai mallakar gwamnati ne, haƙa da sayarwa sai da lasisi. Ku tsaya ga 'yan tsirarun da ke kwance a sarari, ban da diga, ban da cika buhu, ban da wurin da aka kafa allo ko shinge. Dutsen da ke da zane ko rubutu, ko wanda aka jera da'ira, kayan tarihi ne, hoto kawai za ku ɗauka. Cikin iyakar Haramin Makka da Madina kuma malamai sun yi saɓani kan fitar da dutse ko ƙasa, don haka ku bari sai kun wuce alamar iyaka.

Ka saya masa ƙaramin littafi, kowane dutse ya rubuta inda ya same shi da ranar. Ya kuma riƙa juya dutse da sanda kafin ya kai hannu, saboda kunama.